Ruwan Alkamar Baba

Kura,
12 ga Fabrairu, 1987

Zuwa ga aminina Lukmanu,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya karatu, yaya Hajara da yara? Mu nan sai godiya.

Wasiƙarka ta iso. Ka ce ka kafa hujja da takardata ta ban-ruwan alkama a kundin digirinka, har kana tsokanata da shehin malaman gona. Don Allah kada ka miƙa kundin nan tukuna. Dalilin sai a wata wasiƙar. Alkamar Baba ta Bunkure ta fitar da kai, amma ganyenta bai yi min ba.

Naka,
Maharazu

Kura,
28 ga Maris, 1987

Lukmanu,

Ina gaishe ka da iyali, da fatan zazzaɓin Hajara ya sauka. Yau dai sai na faɗa.

Ka san takardar nan tawa a kan bincike guda ta tsaya, wanda aka buga a wata mujallar noma, cewa alkama tana haƙura da ruwa sau ɗaya a mako biyu, amfaninta bai ragu ba. To, masu binciken sun janye shi. Sun gano gonar gwajinsu tana jikin wata magudanar ruwa mai yoyo, alkamar tana sha ta ƙasa ba su sani ba. Sanarwar layi huɗu ce kacal, a shafin ƙarshe na wata fitowar.

Na gan ta, Lukmanu. Wata uku kafin a buga tawa na gan ta, na rufe mujallar na mayar kan kanta. Na lallashi kaina da cewa mutum biyar sun ambaci binciken bayan janyewar, babu wanda ya ce musu kanzil, ga kuma ƙarin girma yana jirana.

Ban kawo Baba a raina ba. Ofishinmu na aikin gona ya mayar da shawarar ƙasida da Hausa, aka raba wa manoma. Yawancinsu dariya suka yi, suka ci gaba da ban-ruwansu duk mako. Baba kuwa da aka karanta masa ya ji sunana, sai ya riƙa tsallake mako, yana bar wa maƙwabcinsa Iliyasu layin ruwansa. Sau biyu ina zuwa gonar in hana shi, in tarar yana nuna wa mutane ƙasidar, in gaishe shi in juyo.

Shekaranjiya aka sussuke. Ƙwayar duk a tsotse take, ko rabin abin da ya saba samu bai samu ba. A masussukar, Iliyasu ya fara ambaton sunana, Baba ya tare shi, ya ce laifinsa ne shi Baba, shi ne bai fahimci karatun ba, ɗansa ba ya irin wannan kuskuren. Ina tsaye a wurin, na bar shi ya ɗauki laifin. Kunyar da na ji ban taɓa jin irinta ba.

Na rubuta wa editan mujallar da ta buga min cewa na janye takardata, na faɗi dalili ban ɓoye ba. Ka cire ni daga kundinka, duk wanda ka san ya ɗauka daga gare ni ka sanar da shi. Wannan duk mai sauƙi ne. Baba ya aiko in je ranar Juma'a in sake karanta masa ƙasidar a hankali, don kada ya ƙara ɓata min suna baɗi.

Ka sa ni a addu'a. A gaida kowa.

Amininka,
Maharazu