Sandar Sarkin Ruwa Na Nan Kafe

Agege, Legas

Zuwa ga Innata,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kuna lahiya, ke da Baba da su Hajara. Ya Bunguɗu, ya ruwan bana?

Ni lahiya lau nike, Gwaggo Kulu na riƙe ni da kyau. Wanke-wanken shagon abincinta ne dai ba ya ƙarewa. Yatsuna sun ɗan tsage, amma ba komai. Littafin soyayyar da na zo da shi har yau ina shafi na arba'in. Da na buɗe sai idona ya rufe, ban ma san ko sun yi aure ba.

Inna, direban da ya kawo min ƙulinki ya ce ruwa ya malale fadamar da su Baba suka bar nomawa don kifi ya dawo, har an ga 'ya'yan tarwaɗa cikin ciyawa. Na ji daɗi. Amma ya ce an hangi Yaya Sabiru da komar kamun kifi a bakin ruwan, alhali sandar hana kamu da Sarkin Ruwa ya kafa na nan. Kin san sharaɗin: in aka kama wani, sai a ƙara shekara kafin a buɗe ruwa. Kuma Baba ya ce sai an buɗe an fara samun kuɗin kifi zan bar aikin nan in dawo gida.

Ni ba ni iya yi wa Yaya magana, nauyinshi nike ji. Ke ki ce mishi, kifin da zai kama rana guda za a cinye shi, ni kuwa shekara zan ƙara nan.

Allah ya bar mana ke.

Ɗiyarki,
Bara'atu