Tunkiyar Sadakinka Tana Gidanmu

Madawa, 9 ga Maris, 1948

Zuwa ga Ɗangana, sanyin idona, ruwan farko na damina, zumar kogon dutsen Keita, gawon da ke ba da inuwa lokacin da sauran itatuwa suka kaɗe. Wakilin jarida, uban teyatur, kuma mutumin da ya fi kowa wauta daga nan har Tawa.

Bayan gaisuwa mai yawa da begen da ba ka cancanta ba, ina sanar da kai wani labari da jaridarka ba ta samu ba: ka yi aure. Yau kwana goma sha ɗaya. Ni ce amaryar.

Ka dawo daga karatu a Senegal da ciwon teyatur, wasan kwaikwayon nan na Turawa, ka rantse sai mutanen Adar sun ga waƙoƙin kakanninsu a kan dandamali. Wata uku ka hana kowa sakat. Ka ɗauko Hajjo zabiya daga Buza, ka tara makaɗa a filin lakwal, makarantar bokon garinmu, ka lallaɓe ni in fito amarya, ni ungozoma da mata masu naƙuda ke jira a asibiti. Na yarda don kai ne. Sai ka ce komai na wasan ya zama na ainihi. Goro na ainihi. Sunayenmu na ainihi, wai mutane ba za su gane sunan aro ba. Sadaki tunkiya mai rai. Uban amarya kuma Baffa Barmo, ƙanen mahaifina, wanda tun rasuwar babana shi ne waliyyina. Da aka rasa mai fitowa liman, ka aika a kira Malam Ayuba, aka ce masa ya zo ɗaurin aure bayan la'asar. Ka tsaya ka bayyana wa dattijon nan abin da ake kira teyatur? Ina! Kana can kana nuna wa mai kalangu inda zai tsaya.

Baffa ya ce ya bayar. Ka ce ka karɓa, da muryar da aka ji har bakin kasuwa. Aka shafa fatiha, taro ya ce amin, kumandan, Baturen mulkin garinmu, ya tafa. Washegari ka hau motar Tawa don ka rubuta labarin nasararka.

Bayan kwana biyu malamai suka zauna. Malam Ayuba ya lissafa da yatsunsa: waliyyi, sadaki, shaidu, bayarwa da karɓa. Ya ce, "To, mi ya rage? Aure ko da dariya aka ɗaura shi, ya ɗauru." Baffa ya yi ta rantsuwa shi magana aka ba shi ya haddace. Malam ya ce, "Barmo, goron fa?" Ya ce ya ci. "Tunkiyar fa?" Tana ɗaure a gidanmu, ta cinye rabin zanan banɗaki. Tun ranar, duk matar da ta shigo awo sai ta ce, "Amarya, ina angon?" Hajjo kuwa ta riga ta tsara mana waƙa, kuma ba ta yabonka ba ce.

Jiya kwafin labarin da ka aika wa jaridar Dakar ya iso hannuna. Shafi shida, ya rabin raina! Shafi biyu a kan muryar Hajjo. Shafi guda kana kukan waƙoƙin niƙa da 'yan matan yanzu suka manta. Ka ce Malam Ayuba ɗan wasa ne na haihuwa, wai ya yi kamar da gaske. Kamar da gaske! Ni kuwa layi ɗaya na samu: amarya ta sunkuyar da kai yadda ya dace. Ka san abin da ya sa na sunkuyar da kai? Don kada gari ya ga fuskata lokacin da ka ce ka karɓa. Shekara uku nake jiran kalmar nan daga bakinka, da ta zo kuma sai ta zo da kalangu a bayanta.

Ka tuna ranar da muka je lambunan Tama? Albasa ta yi kore shar, ruwa na bin kwalbatai kamar azurfa, ka cire hularka kana juya ta a hannu, ka ce, "Sauda, akwai maganar da na daɗe ina so in yi miki." Zuciyata ta yi tsalle kamar ɗan akuya. Sai wata tsohuwa ta ɗauko waƙar daka daga bayan shinge. Ka ɗaga kai kamar dokin da ya ji ƙamshin dawa, ka zaro littafinka, ka bi ta. Na zauna da albasa har inuwa ta juya. Ka dawo idonka cike da hawaye, wai waƙar kakarka ce. Ban taɓa jin haushin mutum kamar ranar ba, kuma ranar na tabbata ba zan so wani ba. Wace irin jarrabawa ce wannan? Wa ke son mutumin da zai kunna tsohon faifan garmaho sau goma, allura na kurza shi kamar kaza na tono, yana tambaya ko an ji wurin da muryar ta karye? Ni ce. Na karanta littattafan likita a Dakar, ban ga maganin wannan ba.

Ga inda magana ta tsaya. Baffa ya ce ba zai zama abin dariyar kasuwa ba. Ya ba ka zuwa Juma'a ta sama: ko ka zo ka tsaya a kan aurenka, ko ka aiko da takardar saki. In ka aiko ta, na zama bazawara ban taɓa shiga ɗaki ba, kai kuma ka sami abin rubutawa. In ka zo don malamai sun ce, ko don kunyar Baffa, wallahi ni zan nemi takardar da kaina. Ba na son mijin da kuskure ya ba ni.

Abin da nake so ƙarami ne, tauraron asubahina. Ka zo da rana tsaka, ka zauna a zaurenmu, babu makaɗi, babu zabiya, babu takardar da aka haddace. Ka ƙarasa maganar da ka fara a Tama. Ko muryarka ta yi rawa, ko ka yi in'ina, ko duk tsofaffin Adar sun taru bayan katanga suna waƙa, kada ka waiwaya. Amsar tana nan na ajiye maka tun shekara uku, ba ta canja ba, ba kuma za ta canja ba har ranar da za a kai ni makwanci. Amma sai ka tambaya.

Ka bar garmaho a Tawa. Ka zo da harawa, tunkiyar ta fara kallon labulen wasanka.

Matarka, in ji malamai. Mai ƙaunarka har abada, in ji ni,

Sauda