Kazar Ƙarfen Yaya

Litinin, 3 ga Maris

Mu, Farfesa, masanin dokar kare ƙirƙira, mun ziyarci wani shagon walda. Mun samu wani mutum ya ƙera akwati mai ƙyanƙyashe ƙwai da fitila, ba lantarki. Shekara huɗu yana yi. Ƙwan da ya dafa bisa kuskure ya isa ciyar da unguwa. Ƙaninsa kuwa, wanda suke shagon tare, kyakkyawa ne ƙwarai. A rubuta wannan.

Littafin nan Dakta ce ta ba mu, wata malamar jami'a da ke bin shaguna hamsin tana tambayar yadda masu ƙirƙira ke tsare kayansu.

Laraba, 5 ga Maris

Dakta ta dawo da na'urar ɗaukar murya. Tambaya arba'in da biyu, na ƙirga. "Wa ya san sirrin?" Yaya, mai akwatin, ya nuna ni ya ce, "Ni da wannan shaiɗanin." Sirrin wani siririn ƙarfe ne, in zafi ya yi yawa sai ya lanƙwashe ya buɗe ƙofar iska da kansa.

Ta ce kada a nuna wa kowa cikin akwatin sai an shigar da takardun rajista. Abin da duniya ta riga ta gani, hukuma ba ta kiransa sabo.

Sai na tuna. Watan jiya na ɗauki bidiyo, hannuna kawai, ina buɗe akwatin ina bayani da muryar Farfesa. Abokaina shida na tura wa, don dariya.

Asabar, 15 ga Maris

Shida ne fa. Shida.

Alhamis, 27 ga Maris

Mai walda na bakin kasuwa ya jera akwati irin na Yaya guda uku, ya shafa musu koren fenti. Yaya ya je ya buɗe ɗaya, ya daɗe yana kallo. Da ya dawo bai ci abinci ba. Inna ta ce, "Ɗan nan, ƙarfe ne fa, ba ɗa ba." Ya ce, "Inna, ɗa ne."

Da Dakta ta zo, a bakin ƙofa ya tare ta. "Malama, kin gama bincikenki, kin gama da ni. Ki je." Ta rantse ba ta nuna wa kowa ba. Ina tsaye da guduma a hannu, na bar ta tana ta rantsuwa.

Juma'a, 11 ga Afrilu

Ta sake dawowa, duk da korar. Ta bi sawun abin kamar mai neman ɓatacciyar akuya, ta samo bidiyon. Mutum dubu goma sha tara sun kalla. Lauyan da ta tambaya ya ce da wuya rajista ta yiwu.

Yaya ya kalla sau uku. A bidiyon ana ganin babban yatsa mai baƙin farce. Ya dubi hannuna. Ya ba Dakta haƙuri har da durƙusawa, ya ɗauki abin rufe ido ya koma walda.

Da ma ya mare ni.

Talata, 15 ga Afrilu

Dakta ta nemi izini ta sa labarin a takardarta, don wasu su kiyaye. Yaya ya ce ta sa, amma ta rubuta cewa shi ne ya yi sakaci. Na fita bayan shago.

Lahadi, 20 ga Afrilu

'Yan tsaki talatin da ɗaya suka fito yau. Yaya ya zuba su a kwali shi kaɗai, bai kira ni in ƙirga ba. Ɗaya ya hau takalminsa ya yi kashi. Na buɗe baki zan yi tsiya, sai ga ruwa a idona. Ƙila mura ce ke damuna.

Malaminmu na allo yakan ce abin da ka rubuta da tawada ana wankewa. Wannan ba a allo na rubuta ba.

Babu wani Farfesa. Wanda ya rubuta littafin nan ko aji ɗaya bai taɓa zama ba, a waya ya koyi boko. Ni ne, Auta, ƙanin mai akwatin. Gobe zan riga shi zuwa shago in share, in jira ya ce wani abu.