Na Ce Masa Ni Ce Kyaftin ɗin Hokin Ƙanƙara ta Laranto

Anti Talatu, don Allah ki taimake ni, kuma kar ki buga sunana. Shekarata goma sha shida, ina aji huɗu a sakandare a nan Jos. Ni ko a aji malami ya kira sunana muryata rawa take yi, amma in na riƙe biro sai in koma wata daban, kuma abin da ya jefa ni cikin wannan hali ke nan.

Bara na samu abokin wasiƙa ta shafin neman abokai na wata mujalla. Sunansa Duncan, shekararsa sha bakwai, yana wani ƙaramin gari a Kanada. Rubutunsa a karkace yake kamar na jaruman littattafan soyayyar da nake arowa wajen ƙawata Immaculata. A wasiƙarsa ta biyu ya ce shi ne gola a ƙungiyar samarin garinsu, suna buga hoki a kan wani abu da ya kira "ice" da Turanci, garuruwa shida ke karawa daga Oktoba zuwa Maris. Na duba kalmar a ƙamus, na ga an ce ƙanƙara. Anti, ni ƙanƙarar da na sani ita ce wadda take zubo mana farkon damina, ta huda ganyen kabeji, ta cika kwanon ɗaki da ƙara. Sai na ɗauka in ta zubo ne suke fita da sanduna suna bugunta, yadda muke yi da tsintsiya a tsakar gida. Na rubuta masa cewa ai mu ma a Jos muna yi, ni ma na iya sosai. Wallahi a lokacin ba ƙarya nake ba.

Sai ga hoto. Fili ne guda ya daskare kamar cikin firiji, mutane sanye da takalma masu wuƙa a ƙasa. Shi kuma ya rufe fuska da wani abu kamar na dodo, har yau ban san kalar idonsa ba, ni dai na ba shi shuɗi. Nan ya kamata in gyara maganata. Amma ya rubuta cewa bai taɓa jin yarinya irina ba, na karanta layin nan ya fi sau talatin.

Ƙungiyarsu wai sunanta Mujiyoyi, ki ji fa, ina dalili ba za a yi ta cin su ba? Wasa bakwai a jere aka lallasa su. A na takwas ƙwallon, wanda ashe baƙin faifai ne mai tauri, ya fasa abin fuskar ya cire masa haƙori, amma suka ci biyu da ɗaya. Duk wasiƙa sai ya tambayi tamu ƙungiyar. To sai na ƙirƙiro ta, na ba ta sunan unguwarmu Laranto. Na naɗa kaina kyaftin, na sa Immaculata gola. Muka ci Bukuru huɗu da ɗaya, muka yi kunnen doki da 'yan unguwar Ali Kazaure don kar ya yi zargi. Su sun ƙare na biyar cikin shida, mu kuwa mun kai wasan ƙarshe.

Yanzu yayarsa za ta zo koyarwa a wata makaranta a Bukuru nan da mako biyar. Ya ce za ta zo kallon wasan ƙarshen ta ɗauko masa hotona, kuma za ta kawo mini takalman nan masu wuƙa. Ya ce in zana tafin ƙafata a takarda in aika, na zana, har da fure a gefe. Immaculata ta ce in ce filin ya narke, ko in naɗe ƙafa da bandeji. Ba na iya cin abinci. In ya daina rubuto mini ban san yadda zan yi ba.

Taki cikin damuwa,
Kyaftin Marar Fili, Laranto

'Yata Kyaftin,

Na yi dariya har mai buga mana tafireta ya leƙo, amma ban raina damuwarki ba. Kuskuren farko ba laifinki ba ne, Hausa ce ta ba abu biyu suna ɗaya. Daga ranar da hoton ya iso kuwa, ƙaryar taki ce, kuma kin yi mata hidima sosai.

Ki duba ɓangarensa. Yaron nan an ci shi sau bakwai, ya zauna ya rubuta wa yarinya a wata nahiya cewa an ci shi sau bakwai. Bai ɓoye miki ko giɓinsa ba. Yana da haƙƙin ya ji haushi, musamman da yake ke ba a taɓa cin ki ba ko sau ɗaya.

Ki bar shawarar Immaculata. Yayarsa malama ce, kwana biyu za ta yi a Bukuru ta gane ko rijiya ba ta daskarewa a garin nan. Wasiƙar jirgi tana kai mako biyu, saboda haka ki rubuta yau, kafin ta ɗaure kayanta. Ki faɗa masa yadda kika faɗa mini, tun daga ƙamus, ki ba shi haƙuri a layi ɗaya ba shafi uku ba, ki ce a bar takalman a can. Ki sanar da mahaifiyarki zancen baƙuwar, ku gayyace ta cin abinci a gida.

Zai yiwu ya yi shiru. In haka ta faru za ki yi kukan mako guda, sannan ki ci abinci. Amma ni a ganina wanda ya saba tsayawa ana jifansa da faifai ba zai gudu don wannan ba. Allah ya ba ki ƙarfin halin kai wasiƙar gidan waya, ya sa in ya buɗe ya yi dariya.

Anti Talatu