Direban da Aka Mayar Bakin Get Saboda Kunnuwan Sitiyari

Zuwa ga:
Babban Manaja,
Sashen Kula da Ma'aikata.

Daga:
Babbar 'yar direban da ake kira Baba Kuloci,
Sashen Sufuri.

Kwanan wata: 9 ga Yuni

Game da: Ƙorafi kan karɓe makullin mota daga hannun mahaifina da mayar da shi gadi

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina rubuto wannan takarda a madadin mahaifina, wanda ya tuƙa motocin kamfaninku shekara talatin, kuma zai yi ritaya ƙarshen watan Agusta. Shi ba zai rubuto ba, mutum ne mai haɗiye abu. Ni kuwa na gaji da zirga-zirga ofishin Sufuri ana ce mini in dawo gobe.

1. A watan Fabrairu kamfani ya sayar da motoci masu kuloci, ya kawo otomatik. A bayan sitiyarin kowacce akwai wasu 'yan kunnuwa biyu, na dama da alamar ƙari, na hagu da alamar ragi. Ba a koya wa direba ko ɗaya amfaninsu ba. Jami'in Sufuri umarni kawai ya bayar cewa kada wanda ya taɓa su, har ya sa aka naɗe su da salatif.

2. Ranar 12 ga Mayu, mahaifina ya ɗauki baƙon kamfani zuwa filin jirgi. Duk wanda ya girma da kuloci hannunsa kan sandar giya yake kwana, har a kujerar falo haka Baba yake ɗora hannu. A wata kwanar titi ya ture sandar gefe bai sani ba, ta faɗa layin da ke da harafin M. Da suka tsaya a danja motar ta sauko giya lamba ɗaya, ta ƙi hawa ta biyu.

3. Yallaɓai, a nan ne abin ke ci mini rai. Kunnensa ya san abin da injin ke kuka a kai, lamba biyu yake nema. Ƙafarsa ta hagu ta yi ta lalube a ƙasa, babu abin takawa. Ya faka, ya kashe, ya tayar, a rikice hannunsa ya sake kai sandar layin M, jiya i yau. Ya kira Jami'in Sufuri, ba a ɗaga ba. Maganin yana ƙarƙashin yatsunsa, a naɗe da salatif, shi kuma ba ya tsallake umarni. Don kada ya ƙona injin, ya kunna sigina biyu ya lallaɓa a gefen titi, masu keke suna wuce shi. Baƙo ya rasa jirgi.

4. Ranar 14 ga Mayu aka karɓi makullinsa ba tare da an saurare shi ba. Takardar da aka ba shi ta ce shekaru sun cim masa. Shekaru ne suka naɗe kunnuwan da salatif?

5. Ni tela ce, ban san mota ba, don haka na rufe shago na je wajen dillalin da ya sayar muku da su. Makanikensu ya nuna mini kafin shayinsa ya huce: idan sanda tana M, mota ta bar wa direba canjin giya, kamar da, sai dai babu kuloci. Ya ja kunnen dama ta hau, ya ja na hagu ta sauko, ya mayar da sanda D ta koma canza wa kanta. Ya ce a gangare ma da kunnen hagu ake rage gudu don a hutar da birki. Wato abin da Baba ya fi kowa iyawa ne aka ɓoye masa.

6. Yanzu yana bakin get. Abokan aikinsa, har da waɗanda ya koya wa ribas, sun sauya masa suna zuwa Lamba Ɗaya. Yana yi musu dariya, ya dawo gida ya ture abinci. Mahaifiyarmu ta daina tambayarsa yadda aiki yake.

Saboda haka ina roƙon Ranka ya daɗe da a cire maganar tsufa daga fayil ɗinsa, a cire salatif ɗin, a kawo wanda zai koya wa direbobi duka, domin abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Sannan a gwada mahaifina a kan titi, gaban duk wanda kuka zaɓa. In ya kasa, zan kama hannunsa mu tafi gida, ba za ku sake ganina ba.

Ba ƙarin girma nake nema masa ba. Kullum da safe shi ke buɗe wa motar da aka karɓe masa ƙofa, ya ƙame har ta wuce. Ina roƙo, ranar da zai bar kamfanin nan, ya kasance yana kan sitiyari, wani ne zai buɗe masa.

Allah ya ƙara wa Yallaɓai lafiya, ya sa a duba da idon rahama.

Taku cikin ladabi,
(sa hannu)
Babbar 'yar Baba Kuloci