Ƙullin wuyan rigunan Baba

Kamila,

Na wuce garin Obi wurin aiki. Kina barci, ban tashe ki ba.

Jiya Baba ya fita Juma'a da tsohuwar rigarsa ta zaman gida, sai a bakin titi wani mai keke ya gaya masa. Bai yi faɗa ba, amma ko tuwon dare bai taɓa ba. Da na duba kayan da kika goge, na ga kin yanke zaren cikin wuyan rigunan.

Laifina ne, ban gaya miki ba da kika tare. Ba ɗinki ne ya warware ba. Tun da idonsa ya tafi marigayiya Inna take yi masa ƙullin nan, ya shafa ya san rigar da ya ɗauka. Tana yi yana tsokanarta, wai ɗinkinta sai ka ce bakin buhun gishirin Awe.

Allura da zare suna kan firij. In ya karya ki zauna da shi, zai gaya miki ƙullin kowace riga.

Rigar nan ruwan toka ta ƙasan akwati kuwa, kada almakashi ya je kusa da ita. Ita kaɗai ta rage da hannun Inna a jiki.

Suwaibatu