Layin Sunayen da Na Jera

Bunkure, Laraba.

Zuwa ga 'yata Kubra,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, kuma aikin bautar ƙasa yana tafiya daidai a Gusau. Mu nan kalau muke, mahaifiyarki tana gaishe ki. Na zauna na rubuta ne, don a waya kunya ba za ta bar ni in kai ƙarshen maganar ba.

Kubra, ubanki ya yi ɓarna da kwamfutar da kika bar masa. Kin tuna jadawalin ban ruwa na ƙungiyarmu ta manoman rani, wanda kika shigar mini cikin manhajar nan mai gidaje-gidaje: layin sunaye, layin ranaku, layin lokuta. Shekaranjiya na buɗe shi na ga sunaye arba'in da bakwai a hargitse, Zubairu a sama, Abdulmumin can ƙasa. Wanda ya yi shekara talatin yana kiran rajista a firamare ba zai iya kallon wannan ya yi shiru ba. Na ɗora linzamin kwamfutar a kan layin sunaye har ya yi shuɗi, na ce ta jera su daga A. Wani saƙo ya fito da Turanci yana tambaya ko in haɗa da layukan da ke gefe. Na ɗauka surutunta ne irin na kullum, na ce a'a. Na adana, na rufe, na kai garin Kura aka buga, na manna a bakin kanal ɗin da muke jan ruwa ina ta jin kaina.

Ashe sunayen kawai suka tashi, ranaku da lokuta suna inda suke. Kowa ya faɗa ranar wani.

Da a nan ta tsaya da sauƙi. Tun zamanin magatakarda na farko aka tsara ruwan nan yadda Kiristocinmu ba sa samun safiyar Lahadi, Musulmi ba sa samun lokacin sallar Juma'a sai wanda ya nema. Ba a rubuta dokar ko'ina ba, kowa dai ya sani. Yanzu liman Malam Abdulrauf ya samu Juma'a da tsakar rana, abokina Ɗanladi kuma Lahadi ƙarfe tara, daidai lokacin da yake coci. Ga tumatirinsa sabon dashe a ƙarshen kanal, in ya rasa wannan ruwan ya ƙone.

Mutane na cewa da gangan na yi. Wannan bai dame ni ba kamar yadda jiya na gai da Ɗanladi a kasuwa ya kau da kai. Mutumin da muka yi kiwo tare tun ba mu san sa wando ba. Wallahi abin ya tsaya mini a rai.

Na yaga tsohuwar takardar jadawalin tun da kika shigar da ita kwamfuta. In akwai dabara, ki taimaki tsohonki.

Mahaifinki,
Malam Sabi'u

Bunkure, Litinin.

'Yata Kubra,

Gaisuwa mai yawa da fatan kin tashi lafiya. Allah Ya yi miki albarka, Ya ba ki masu yi miki yadda kika yi mini.

Ban taɓa sanin kin ajiye wani kwafin jadawalin a wayarki ba. Da kika turo mini shi na ga Zubairu a sama, ban taɓa murnar ganin hargitsi irin ta ranar ba. Na kuma bi bayaninki: in ja linzami daga gidan farko na sama har gidan ƙarshe na ƙasa, ko in danna Ctrl da A, sai duka sun yi shuɗi kafin in taɓa komai. Na gwada sau goma a kwafin da kika ce in yi wasa da shi. Kowane suna ya tafi da ranarsa. Dariyar da kika yi mini kuma na yafe.

Ran Alhamis na kai kwamfutar gaban kwamiti, na nuna musu yadda na yi ɓarnar da hannuna. Sun yarda, amma shugaba ya ce tun da mako ya fara sai an ƙarasa shi a haka, in ba haka ba wasu su sha sau biyu, wasu su rasa. Ɗanladi bai zo taron ba.

Saboda haka jiya na ɗauki fartanya na tafi gonarsa, duk da ciwon bayan nan. Na buɗe ruwa ƙarfe tara, ina bin fangali ɗaya bayan ɗaya. Wajen sha biyu sai ga shi da kayan coci. Ya same ni cikin taɓo. Daga nan ya naɗe wando ya shigo, ya karɓe fartanyar, ya ce har yau ban iya datse ruwa ba, alli kawai na iya riƙewa.

A nan na ji abin da ban sani ba. Ran Juma'a, muna masallaci, shi ya je ya ba albasar liman ruwa, bai gaya wa kowa ba, alhali yana cikin fushi da mu.

Da muka zauna a gindin mangwaro ya ce ba tumatirin ne ya ƙona masa rai ba. Abin da ya yi masa ciwo shi ne ya zaci ni, da na ci tuwo a ɗakin mahaifiyarsa, na manta ranar da yake ibada. Kubra, hawaye kawai na ji suna zubo mini. Na ce masa ban manta ba, kuma ba zan manta ba. Ya ce ya sani yanzu, ya rako ni har ƙofar gida.

Yau da safe na manna jadawalin gaskiya. Shi ya riƙe mini takardar ina shafa gam.

Ki gai da abokan aikinki. Allah Ya dawo mana da ke lafiya.

Mahaifinki mai godiya,
Malam Sabi'u